Abin da ke Ƙarƙashin Kujera

Asuba a Naryn, sanyi na cizon yatsu.
Ƙanƙara ta sauko har rabin dutse,
tumakinmu arba'in da bakwai suna can sama, babu harawa.
Akori-kurar babana na tsaye a bayan rumbu,
tun ranar da muka binne shi ba wanda ya taɓa ta.

Na murɗa makulli. Shiru.
Ko tari ba ta yi ba.

Na ɗaga murfin inji, na leƙa kamar mai leƙen rijiya.
Kan batir ya yi furfura.
Na kankare da wuƙar burodi, na ɗaure da sifana.
Wannan karon sitata ta yi gurnani,
inji na juyi, na juyi, ya ƙi kamawa.

Tynchtyk maƙwabci ya iso, kofin shayi na tururi a hannunsa.
"Mai ne," in ji shi, "ruwa ya daskare a tiyo."
Na zare tiyo, na zuƙa,
fetur ya cika mini baki, na tofar.
Mai na zuwa. Ba shi ba ne.

Filogi shida, na kwance su ɗaya bayan ɗaya,
baƙi wuluk kamar gindin tukunya.
Na goge, na kara ɗaya a jikin ƙarfe,
ya murɗa mini, na zuba ido:
ko tartsatsi babu.
Fiyus lafiya. Dilko a bushe.
Aikin banza, harara a duhu.

"Sayar wa masu gwangwan," ya ce, ya tafi da kofinsa.

Sai ga inna a bakin ƙofa, lulluɓe da bargo.
"Jypara, ni ban san mota ba.
Amma shekara talatin, kafin ya tayar,
sai ya sunkuya, ya sa hannu ƙarƙashin kujera.
Na ɗauka taba yake ɓoye mini."

Na sunkuya. Ƙura, tsohon safar hannu, ƙusa biyu,
can ciki, ɗan makunni, an naɗe wayarsa da tsumma,
babban yatsa ya goge shi har ya yi santsi.

Ƙas.

Ta yi tari sau biyu, ta girgiza, ta kama.
Hayaƙi ya tashi da warin rigarsa.

Ban sa giya nan da nan ba.
Na bar yatsana a wurin, tukuna.