Mai Ga-Ruwa Ya Bushe

Jarka goma sha biyu a kura,
daga burtsatsen Kurna zuwa lungunan Rijiyar Lemo,
sawu bakwai kafin azahar.
Yayana Sallau ya shayar da unguwa guda,
ya manta da nasa maƙogwaron.

A bakin shagon mai faci ya zube.
Aka ce iska ce, aka ce hawan jini,
wata tsohuwa ta ce a nemo tafarnuwa.
Jarkoki na tsaye a kansa, cike fal,
ba wadda ta ce masa uffan.

Ga ni yanzu a gefen gadon ƙarfe,
da rigar kasuwa, ina warin albasa.
Malama Ladidi mai farin kaya
ta tsunkuli bayan hannunsa, ta saki.
Fatar ta tsaya cak
kamar kunya a gonar da aka huɗe,
ta ƙi komawa.
"Ka gani? Rijiyar ciki ce ta ja baya.
Fiye da rabin mutum ruwa ne, Malam,
sauran ƙashi ne da rigima."

Ta rataye leda, ta nemo jijiya da ƙyar.
Ɗis.
Ɗis.

Ai ni na san wannan karatun, ban dai san na sani ba.
Shekara tara ina kasa ganye a 'Yankaba.
Da hantsi alayyahu kan saki kunne,
latas ya langaɓe kamar wanda aka yi wa rasuwa,
sai in tsoma hannu a bokiti, in yayyafa,
kafin mai saye ya gama taya tumatir
sun miƙe suna fara'a.
Ban taɓa kawowa a raina
ƙaton nan mai tura kura a hawan kwalbati
shi ma alayyahu ne ba.

Jini, in ji Ladidi, shi ma ɗan ga-ruwa ne,
gida-gida yake bi da abinci da numfashi.
In ya yi kauri, kurarsa ta kafe a yashi.
Ƙoda wanki take yi dare da rana,
wa ya taɓa wanki da busasshen baho?
Gumi kuwa, tambayi randar tsakar gida:
ba ta sanyi sai ta jiƙe bayanta.

Ta taga ina hango famfon asibiti yana zuba kaɗan-kaɗan.
Ƙadangare ya zo, ya lasa, ya gyaɗa kai.
Tururuwa sun yi layi, ba mai tsallake wani.
Na tuna gaiwa, da kan naɗe cikin laka
in kududdufi ya ƙafe,
ta kwana wata da watanni tana jiran tsawar farko.
Na tuna irin kuɓewa a ƙullin tsumman Inna,
shiru kamar tsakuwa,
sai ranar da laima ta taɓa shi.
Mu ma kafin mu ga Dala da ido
wata tara muka yi muna iyo a duhu,
kuma ran da za a raka mu
da ruwa za a yi mana sallama.

Leda ta uku.
Ladan ya yi kiran farko.
Sallau ya motsa, ya ce zai kama ruwa.
Ban taɓa ganin an yi wa fitsari murna ba
sai a fuskar Ladidi:
"Alhamdulillahi, mai wanki ta tashi!"

Ya buɗe ido, leɓe duk a tsage.
"Ina kurata?
Gidan Hajiya Yalwa suna bi na jarka biyu."

Na miƙa masa kofi, da gishiri da sukari a ciki.
Sha, Yaya.
A hankali.
Hajiya Yalwa na da maƙwabta.
Wannan gidan da kake ciki
ba mai kai masa sai kai.