Baƙin da Suka Ƙi Tafiya

A kan tudun Valparaíso,
inda gidaje ke dafa kafaɗar juna kada su zame cikin teku,
Ximena Arancibia ta buɗe shagonta na buga kati,
ta kunna kwamfuta, ta ɗora ruwan shayi.
Ruwa ya tafasa.
Kwamfuta ba ta gama miƙa ba.

Faifai ya cika, in ji allo, da jan rubutu.
Da me?
Ita dai katin aure take bugawa,
da farashin gidajen cin kifi,
da cigiyar kyanwar da ta ɓata.

Sai ta gangara can gindin faifan,
inda ba ta leƙa ba tun da ƙaninta Tadeo
ya tafi haƙar tagulla a arewa,
ya bar mata na'urar, da kalmar sirri a bayan kalanda.
Ga su a jere, folda goma sha ɗaya,
sunayensu kamar kyanwar nan ce ta bi ta kan madannai:
bakwai, f, uku, c, sifili, sifili,
babu wasalin da harshe zai kama.

An ce baƙo raɓa ne.
Waɗannan rana ta fito musu sau dubu
ba su bushe ba.

Yatsanta ya kai kan maɓallin gogewa, ya tsaya.
Ta taɓa zubar da wani kwali a gidan mahaifiyarsu
don ba ta gane rubutun da ke jikinsa ba.
Har yau ana neman takardar filin.

Don haka ta tambaye su ranar haihuwa.
Duk rana ɗaya: wani daren Yuli, tsakiyar sanyi,
shekara huɗu baya.
Ta tuna. Ƙasa ta ɗan motsa, kofuna suka yi ƙara,
wuta ta ɗauke, Tadeo yana tsakiyar sabunta manhaja,
ya yi tsaki a cikin duhu.
Ashe magina ne suka gudu
suka bar tsani da bokiti a tsakar gida.

Ta buɗe su ɗaya bayan ɗaya.
Takwas wayam.
Biyu tarkacen aikin da aka riga aka gama a wani wuri.
Ta ƙarshe ta ce: ba ki da izini.
A shagona? in ji Ximena, da ƙarfi,
har mai sayar da burodi ya leƙo.

Tadeo ya ɗauki waya a cikin bas, murya na yankewa.
Kada ki goge, yaya. Shiga da sunan mai gida,
kwashe su ki aje gefe,
kashe na'urar, ki sake kunnawa, ki ba su mako.
Abin da ke da mai shi, za a zo nema.

Ta yi musu ɗaki guda, ta sa masa suna Jira.
Litinin ta buga katin aure ɗari biyu.
Laraba aka ga kyanwar a kan rufin coci.
Babu manhajar da ta yi kuka,
babu wanda ya zo cigiya.

Ranar Asabar ta tura su kwandon shara,
ta zazzage kwandon,
ta duba abin da ta samu.
Ɗan wuri ne, bai kai na waƙa ashirin ba.
Jan rubutun yana nan, ko gezau.

Sai da la'asar ta gano mai cinye faifan,
da sunansa a rubuce sarai: Jiragen Ruwa.
Hoto dubu tara.
Kowace safiya ta shekarun da ya yi a shagon,
Tadeo ya tsaya a wannan tagar
ya ɗauki duk jirgin da ya shigo tasha,
har da waɗanda hazon teku ya cinye rabinsu.

Ta janye hannunta daga linzamin.
Ta rubuta a bayan kalanda, ƙasa da kalmar sirri:
a sayo sabon faifai.
Shayin ya huce tuni.
Ta sha shi haka nan, tana kallon na ɗari da bakwai.