Kujera ta Tara

Teburin dogo ne, kujerunsa tara.
Takwas na masu farar riga da masu lissafi,
ta taran tawa ce, can jikin taga,
inda tekun Tromso ke kwance baƙi ƙirin
ƙarfe goma na safe, rana ko niyyar fitowa ba ta yi.

An kafa ɗan kati a gabana:
Aslaug, mai ba da shawara a madadin majinyata.
Shekara talatin ina yankan tikitin jirgin fito,
sunana bai taɓa hawa kati ba
sai wanda asibiti ke ɗaura wa mutum a wuyan hannu.

Zaman farko ban ce uffan ba.
Na sha kofi, na gyaɗa kai inda suka gyaɗa,
na koma gida kamar tukunyar fure
da aka ajiye don ɗaki ya yi kyau a hoto.

Zama na biyu Dakta Halvard ya raba takardu,
shafi goma sha tara, gwajin sabon maganin sankara.
A shafi na shida: ɗibar jini, bakwai na safe, sau biyu a mako.
Sai na ɗaga hannu,
hannun da jijiyarsa ta gaji da allura tun bara.
Na ce, jirgin farko daga tsibirinmu
bakwai da kwata yake kwance igiya.
Wanda kuka rubuta wa wannan,
ko a bayan asibiti yake kwana, ko yana da fiffike.

Biro ya tsaya. Wani ya yi tari.

Tunda baki ya buɗe, na ƙarasa.
Kuna auna ƙari da ma'auni mai sirin gashi,
madalla, da shi na kai yau.
Amma wa ke auna yatsun da suka mutu murus?
Torunn, da muke shan ruwan magani gado da gado,
ba tsoro ya fitar da ita daga gwajinku ba.
Allurar saƙa ce ta daina ji a hannunta,
rigar sanyin jikanta ta tsaya ba hannu ɗaya,
kuma takardarku ba ta da gurbin rubuta haka.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.
Ku kun san rufi, ni na san inda ake tara kwano.

Ba duka suka karɓa ba.
Hoton ciki na wata-wata yana nan daram,
sun ba ni dalili, na juya shi kwana biyu, na yarda.
Amma ɗibar jini ta koma sha ɗaya,
shafi goma sha tara ya rame ya zama bakwai,
kuma yanzu ana turo mini takardu mako guda kafin zama,
har da kuɗin jirgi, ba sai na roƙa ba.

Na kuma ce musu ni kaɗai ban isa ba.
Ciwona na mama ne, ban san na huhu ba,
ban san na yaro ba, ban san na Ante ba,
makiyayin tsaunuka da ke mafarki da wani harshe.
Suka jawo kujera ta goma daga ɗakin ajiya,
ƙafarta ɗaya na rawa, muka cusa mata takarda.

Yau a jirgin yamma na buɗe sabon fom.
Tambaya ta sha huɗu, da ƙananan baƙaƙe:
Kina iya sa maɓallin rigarki da kanki?
Na karanta wa ruwa, ko Torunn za ta ji.
Sannan na cire safar hannu,
na gwada na saman wuya.
Sai a karo na uku ya shiga.