Ajin Bakin Fangali

Ni Jabbi, ban ruwa na sani.
Shekara talatin ƙafata na cikin laka
a fadamar Kwalkwalawa.
Ban taɓa riƙe alli ba,
sai ga shi da furfurata ana ce mini malam.

Malama Hajo ce ta jawo mini.
Ta karɓi hayar gefen gona,
ta kafa rumfar zana a gindin mangwaro,
ta ce nan ne aji.
Na ce, ina allo? Ta nuna ƙasa.
Na ce, ina bulala?
Ta yi dariya har gyalenta ya zame.

Da hantsi suke isowa,
su goma sha bakwai, ba wanda ya wuce ƙuguna.
Takalma a jere bakin rumfa
kamar ƙananan kifin da aka shanya.

Kulu ta shuka wake a gwangwanin madara.
Kullum sai ta tone shi
ta ga ko ya farka.
Na ce, ɗiyata, wake kunya gare shi,
ba ya tuɓe riga ana kallo.
Kwana huɗu tana kewaya gwangwani,
hannu biyu a ɗaure a baya.
Ran na biyar ya leƙo, wuya a lanƙwashe.
Ta ruga ta kai labari, ta faɗi, ta tashi,
gwiwa na jini, ba ta sani ba.

Modi kuwa wurin jar akuya ya ɗauki lissafi.
Ta haifi uku.
Ran Talata ya ƙirga, biyu.
Ya sake ƙirgawa da ɗayan hannun,
ko laifin yatsu ne.
Malama ba ta ce masa an kai shi kasuwa ba.
Ta zauna ƙasa daidai tsawonsa,
ta faɗa masa yadda abin yake.
Muka haƙa rami bayan rumbun albasa.
Ranar bai ci ƙosansa ba,
ya kai wa uwar.

Sannan tambayoyi, Allah mai iko!
Me ya sa balbela ba ta datti?
Kwaɗo yana da kaka?
Wata rana na fasa bakin fangali da fartanya,
ruwa ya karkata ya shiga cikin albasa,
sai Inno, wadda ba ta cika magana ba,
ta ja mini gefen riga:
Baba, wa ya gaya wa ruwa hanya?

Na buɗe baki.
Shekara talatin, ni da ruwan nan,
ban taɓa tambayarsa ba.
Na ce, zo mu bi shi mu gani.
Muka bi shi, ni da zugar ƙafafu marasa takalmi,
har inda ya gaji ya kwanta.
Ita ce ta ce: gangare yake so.

Uban Modi ya zo da mota ran Alhamis,
shadda na ƙara, fuska a murtuke.
Ya ce kuɗi yake biya,
sabulu ya ƙare, yaro bai iya baƙi ba.
Malama ta yi shiru.
Modi ya kama babban yatsansa,
ya ja shi har bakin rami,
ya nuna masa gidan tururuwa,
da inda ake takawa, da inda ba a takawa.
Na ga mutumin ya tattare shaddarsa ya tsuguna.
Ya daɗe.
Ban ji abin da suka ce ba, injin na ruri.

La'asar ta yi, sun watse.
Na tsinci takalmi ɗaya, na hagu,
na rataye shi a reshen mangwaro.
Sawunsu na nan cikin laka, ƙanana,
sun bi ta kan nawa.
Fangalin can na ƙarshe yana jiran ruwa,
amma bari sai gobe.
Inno ta ce ita za ta buɗe.