Ƙuri'u Goma Sha Bakwai

Ni aka zaunar kan benci a firamaren Jega,
wakilin jam'iyyar Allura, ni kaɗai da biro ɗaya.
Masu Tulu su shida, da lemo cikin ƙanƙara,
masu Garma su bakwai, janaretonsu na ta ruri.
Bayan la'asar aka zazzage akwati:
Tulu. Garma. Tulu. Tulu. Garma.
Lugude ke nan, mata biyu a turmi guda,
ni ina riƙe da taɓarya ta uku,
ina neman inda zan saka ta.

Sha bakwai muka samu.
Na sake ƙirgawa, ko wata ta manne da 'yar'uwarta.
Sha bakwai.

To, Kawu Arzika fa, wa ya ƙi shi a garin nan?
Shekara talatin yana taka keke a bakin kasuwa,
rigar angon rabin unguwa bashi ya ɗinka ta.
Kekunansa biyu ya sayar ya buga fosta,
ranar da ya yi taro har kan katanga aka zauna,
aka tafa, aka ce sai kai.

Da safe na tsaya wurin Inna Ige mai ƙosai.
Ba ta ɗago ba, tana juya mai.
Ta ce, "Ɗana, har ga Allah shi nike so,
amma tsoron Garma ya fi son nan nauyi.
In na ba Allura, Tulu ya rasa ɗaya,
in Tulu ya rasa ɗaya, wa na taimaka?"
Ta ƙara mini ƙosai biyu gyara,
kamar mai biyan diyya.

Nomau mai jirgi dariya ya yi a bakin gulbi.
Ya ce, "Ran da ruwa ya cika,
ba a tambayar wane jirgi ya fi kyawun sassaƙa.
Wanda zai kai gaci ake shiga,
ko da yana yoyo, ko da matuƙin ɓarawo ne.
Manyan biyu ne, kowa ya san su,
sun yi girma don ana shiga,
ana shiga don sun yi girma."

Kujerar ɗaya ce, nan gizo ke saƙar.
Wanda ya ɗara da ƙwaya guda ya kwashe buhu,
na biyu ya koma gida da fatan baɗi,
na uku ko fatan ba a bar masa ba.
Mai kuɗi ba ya zuba taki a gonar da ba ta tsiro,
mai son tsayawa takara ya duba inuwa, ya bi ta.
An ce akwai ƙasashen da ke raba kujeru
yadda masunta ke raba kamun yini,
kowa gwargwadon abin da komarsa ta jawo.
Da can ne, ko tarwaɗa ɗaya mun ɗauko.

Sai ga sakamakon mazaɓa ya fito:
Tulu ya kada Garma da sha ɗaya.
Sha ɗaya! Mu kuwa sha bakwai ke hannunmu.
Allura ta tono garma, in ji 'yan shayi.
Kafin sati, motoci biyu sun zo shagon Kawu,
ɗaya da hantsi, ɗaya bayan isha'i,
kowace da kujera a aljihu da zance mai zaƙi.

Bai bi kowa ba tukuna.
Ya karɓo keke ɗaya bashi daga Birnin Kebbi,
yana ɗinka wa matan Tulu ankon murna,
yana rage wa wani ɗan Garma wuyan riga.
Takardar sakamakon tana nan cikin aljihun keken,
tare da alli da tsoffin maɓallai.
Jiya ya ce da ni, zare a bakinsa,
"Mutanen gidana goma sha tara ne masu kati.
Kada ka faɗa wa kowa na ƙirga."