Kar Ki Ɗauki Matsefin

A Liverpool, gida mai lamba tara,
inda ruwan sama ke shigowa ba sallama,
nake kwanan jinyar Dympna Geraghty:
shekara tamanin da bakwai, haƙori huɗu,
ido kamar na kyanwa a cikin rumbu.

Daren farko na fita zubar da ruwan zafi,
sai ta daka min tsawa daga kan gado:
"Faɗa musu tukuna, su kauce!"
Na ce su wa?
Ta ce, "Mutanen kirki. Ba a kiran sunansu."
Saura kaɗan tukunya ta suɓuce min.
Haka kakata Hansai ke faɗa a Kazaure
in magariba ta kawo jiki:
yi bisimilla, 'yar nan,
mutanen ɓoye na da 'ya'ya a bakin rariya.

Wai daga Mayo suka biyo ta a jirgin ruwa,
cikin akwati, tsakanin bargo da hoton uwarta,
ko sisi ba su biya ba.

Ta ba ni labarin wata ƙaya tilo a tsakar gonarsu,
garma na kewaye ta, hanya ta karkace dominta.
Wanta Malachy ya sa mata gatari ran Talata,
kafin Lahadi nonon saniya ya ƙafe,
bakinsa ya koma gefe, bai dawo ba.
Na rama mata da tsamiyar bayan makarantarmu.
Ta gyaɗa kai. Ba ta yi mamaki ba.

Kullum dare madara a faranti bisa taga,
kullum safe an lashe tas.
Na ce kyanwar maƙwabta ce, baƙa mai guntun kunne.
Ta ce, "To wa ya aiko ta?"

In ɗan hankakan ƙasar nan ya sauka shi kaɗai,
sai ta ɗaga hannu ta gaishe shi,
ta tambayi lafiyar matarsa.

Abu ɗaya take rage murya in za ta faɗa:
akwai mace mai furfura har gadon baya,
tana taje kai a bakin rafi, tana kuka
ga gidan da za a yi rashi.
"In kin ga matsefi a ƙasa, kar ki ɗauka.
Mai shi za ta zo karɓa."

Wani daren Fabrairu, ƙarfe uku,
ihu ya tsage bayan kwandunan shara.
Yanyawa ce, na sani, lokacinsu ne.
Dympna ta buɗe ido ta yi murmushi:
"Ta daɗe a hanya, baiwar Allah.
Ba ta san unguwar ba."

Da asuba na buɗe taga yadda ta roƙa,
na tsayar da agogo, na rufe madubi da mayafina.
'Yarta ta iso daga Leeds da jan ido,
ta ce camfin tsofaffi ne,
amma ba ta taɓa agogon ba.

A tashar bas, kan jiƙaƙƙen siminti,
ga matsefi na roba, haƙora uku sun karye,
da silin farin gashi a maƙale.
Ina da takardar shaidar jinya a jaka,
ina da Ayatul Kursiyyu a baki.
Na kewaye shi ta cikin taɓo.
Bas ta wuce ni.