Ƙwayar Sukari a Kunci

A Erzurum, inda sanyi ke cizo tun kafin asuba,
shekara arba'in da ɗaya ina dafa shayi
a ɗan shagona, bayan layin maƙeran tagulla.
Mu nan ba ma zuba sukari a kofi.
Dunƙule ne mai tauri, a farfasa shi ƙanana,
mutum ya ɗau ƙwaya ya ɓoye a kunci,
shayi ya riƙa bi ta kanta yana wucewa,
ita kuwa tana narkewa a hankali
kamar bashin da ba a gaggawar biya.

Kofi ashirin a wuni, ran hira talatin.
Kuncin hagu nake ba ajiya,
can ne kuma aka fara yi mini sata.

Wani dare dusar ƙanƙara ta rufe ƙofa,
turmina na ƙasa ya tashi da kiɗa.
Na danna kanumfari, na kurkure da gishiri,
na ɗaure haɓa da rawanin ulu,
na zagaye ɗaki har zakara ya gaji da ni.

Da safe sai gaban Gulizar, 'yata,
wadda da kuɗin shayin nan na kai ta makaranta
har ta zama likitar haƙori.
Ta ce, "Baba, buɗe."
Ni da na koya mata riƙe cokali,
yau ni ne a kwance, fitila a ido.

Ta leƙa da ɗan madubi, ta daɗe shiru.
"Ba tsutsa ba ce, Baba, bar zancen kaka.
Wasu halittu ne da ido ba ya gani,
kai ka sha zaƙi, su ci ragowa,
su bar maka tsami a jikin haƙori,
tsamin ya yi ta sassaƙa kamar gara a azara.
Yawu kan zo ya wanke, ya yi gyara,
in an ba shi sarari.
Kai kuwa daga asuba har lisha
ba ka taɓa ba shi hutun awa guda ba."

Na ce, "Ubana haka ya sha."
Ta ce, "Da haƙori nawa aka binne shi?"
Na ƙirga a zuci. Ban amsa ba.

Biyu ta cire. Uku ta cike.
Ɗaya ta ce za mu zuba masa ido.
Ta sallame ni da buroshi shuɗi,
da man goge baki, da zare a 'yar batta,
wai in bi tsakanin haƙora da shi
kamar mai ɗinkin da ya makara.
"Safe da dare, minti biyu.
Na dare ya fi, don yawu ma barci yake."

Mun yi ciniki, don ni ɗan kasuwa ne:
sukari sai bayan abinci, ƙwaya ɗaya,
sauran shayin in sha shi da ɗacinsa,
in bi da ruwa.

Zekeriya mai gyaran agogo ya yi mini dariya,
wai tsufa ya sa na koma yaro.
Na dubi bakinsa, ƙofar gari ba ƙyaure,
na cika masa kofi, na yi shiru.

Yanzu da dare jikana Tunjay kan hau kujera,
mu tsaya gaban madubi ɗaya,
kumfa a gemuna, kumfa a haɓarsa.
Shi giɓinsa na jiran baƙi,
nawa ya riga ya yi rakiya.
Yana ƙirga mini da yatsu,
in na yi saurin tofarwa ya ce, "Kaka, saura na hagu."

Har yau harshena kan je kuncin nan
ya lalubi ƙwayar, ya tarar da fili.
Shayi ba sukari, ashe yana da ƙamshi.
Shekara arba'in da ɗaya ina sayar da shi,
bana na ɗanɗana.